Tsakuwa a Tallar Shinkafa

Mu biyu muke aikin talla a wani ɗan shago a Nguru. Ni nake tsara kalamai, abokin aikina kuma shi ke yin murya, ya haɗa da kiɗa a kwamfuta. In mun gama, ko dai a kai gidan rediyo, ko a ɗaura lasifika a kan Keke Napep a zaga da ita ranar kasuwa. Tun farko mun yi da juna cewa a gaban mai kaya ba a cewa "ni", sai dai "mu". Da tafiya ta yi nisa sai abin ya fara cina, domin muryarsa mutane suka sani, shi ake tsayarwa a hanya ana yaba wa.

Wata shekara bayan girbi, wani Alhaji mai injin gyaran shinkafa a Gashua ya nemi mu yi masa talla. Muka shirya guda biyu. Ta abokina mai sauƙi ce: uwa ta ɗora tukunya ba ta tsaya tsintar tsakuwa ba, yara na mamaki. Tawa kuwa ta barkwanci ce: wani tsoho ya gatsa tsakuwa a shinkafar wani wuri, haƙoransa na gaba suka zube, yana magana iska na fita. Abokina ya yi muryar tsohon, amma ya ce abin bai kwanta masa ba. Na ce tsoro ne ya yi masa yawa.

A mota a hanyar Gashua, mun wuce garin Jajimaji, na ce masa, "Yau in sun yi dariya, ka bar ni na ce tawa ce."

Ya kalli gonaki ta taga, ya ce, "To."

Mun sami Alhaji a rumfar gaban injin, kusa da shi wani dattijo yana jan carbi, ko gaisuwarmu da kai ya amsa. Na matsa aka fara kunna tawa. Tsohon cikin tallar ya yi ta fesar da magana, ni kuma ina murmushi ina jiran dariya. Aka gama, babu wanda ya motsa. Ƙugin injin kawai ake ji.

Dattijon ya ɗago ya ce, "Wa ya tsara wannan?"

A lokacin na ga bakinsa. Babu haƙori ko ɗaya a gaba.

Alhaji ya ce a hankali, "Yayana ne. Shi ya kafa injin nan."

Kafin na tattaro abin faɗa, abokina ya sauko daga benci ya durƙusa.

"Ni ne, Baba. Muryata ce kuka ji. A gafarce ni."

Dattijon ya dube shi ya ce, "Nawa ba tsakuwa ce ta cire su ba, ɗana, shekaru ne. Allah ya kai ka."

Da ƙyar Alhaji ya yarda aka kunna ta biyu. Ta yi masa daɗi, har yayan nasa ya gyaɗa kai. Da ya tambayi wanda ya kawo wannan dabarar, abokina ya nuna ni. Alhaji ya kama hannuna yana sa mini albarka, yana cewa ga yaron da ya san mutuncin manya. Na so ƙasa ta tsage na shige.

A hanyar komawa na tambaye shi abin da ya sa ya yi haka. Ya ce, "In mu duka muka zubar da mutuncinmu, wa zai riƙa zuwa Gashua? Dole ɗaya ya saura da fuska." Daga nan ya jingina kai ya yi barci, ya bar ni da kaina.

Mun daɗe muna yi wa Alhajin aiki, kuma ni kaɗai nake zuwa. Duk zuwan da na yi, dattijon yakan sa a kawo mini shayi, ya zaunar da ni kusa da shi, ya tambaye ni, "Ina abokin nan naka mai baki? Ya fara hankali?"

Nakan sunkuyar da kai na ce, "Yana gaishe ka, Baba."