Ranar da Muka Nemi Ungulu a Sama

Cikin shekarun da na yi ina malamin dabbobi a Abaji, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wadda Baffa Jauro ya tare ni a bakin ofis tun kafin in kafe babur. Ku sabbin hannu ba ku san shi ba. Dattijon makiyayi ne, rugarsa na can gefen hanyar Lokoja.

"Malam, jar saniyata ba ta dawo ba," ya ce. "Kuma cikinta ya tsufa."

A aikinmu, idan haihuwa ta zo wa saniya da gardama, malami ne ke sa hannu ya gyara kwanciyar ɗan. Amma ai sai an ga saniyar tukuna. Na ɗauki jaka, na goya shi, muka shiga daji.

Ni ina duba ƙasa, shi yana duba sama. Har na tsokane shi: "Baffa, fiffike saniyar ta yi?"

"Ungulu nake nema. Duk inda dabba ta kwanta, a kanta suke shawagi. Da su ne babana yake gano tasa in ta ɓata."

Lokacin da na kama aiki, ungulaye sun fi mahauta yawa a kwata, muna ta ƙyamarsu. Sannu a hankali suka ragu. Wasu guba ta kashe, wasu aka kai kawunansu kasuwa don haɗa magani, rimayen da suke kwana kuma aka sare. Ban ma san ranar da na ga ta ƙarshe ba. Mushen da suka bari karnuka suka gada, suka yi ta hayayyafa.

Haushin karnuka ne ya kai mu wurin saniyar bayan la'asar, a cikin wani kwazazzabo. Da sauran numfashinta, amma sun riga sun yi mata illa. Baffa ya yanka ta da kansa. Ɗan da na ciro bai zo da rai ba.

Ya goge wuƙarsa da ciyawa, ya sake ɗaga kai.

"Ungulu tana haƙuri har rai ya fita, malam. Da tana nan, da mun riga karnukan nan."

Ranar na gane ashe muna da abokan aiki da ba mu taɓa gode wa ba. Wallahi ina kewarsu. Na yi ritaya, amma har yau in na fito sai na duba sama, ko guda ɗaya.