Gurasar Hulkar Tana Kan Ƙusa

A bangon ɗakina, sama da keken ɗinki, akwai ƙusa ɗaya da ba a rataya mata komai sai gurasa. Wadda ke wurin yanzu ta bushe ƙayau, ƙura tana kwanciya a kanta ina gogewa da gefen ɗankwali. An gatse ta wuri biyu. In ka matso za ka ga ɗan tsiri a tsakiyar kowane gatso, inda haƙori bai taɓa ba. Wushiryar Hulkar ce.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Margilan. Babanta, Tursun-aka, marini ne a masaƙar siliki, hannuwansa kullum da launi har gwiwar hannu. Uwarta ta rasu tun tana rarrafe, saboda haka mahaifiyata, Aya, ita ta goye mu tare. Aya mai gurasa ce, tanderunta ba ya hucewa. Ni ce Barno, gajera mai kumatu. Hulkar kuwa doguwa ce kamar sandar wuta, bahaguwa, ba ta iya zama wuri ɗaya.

Muna aji uku aka gina filayen wasan tanis a birnin Fargana, kusa da mu, aka turo wata Barasha, Malama Zinaida, ta zo makarantarmu neman yara. Ta jera mu a rana, ta riƙa ba kowa ƙwallo ya jefa. Da ta zo kan Hulkar ta ce, "Ke, da wane hannu kike jifa?"

Hulkar ta ɓoye hagunta a baya, don kakarta ta sha ƙwala wa hannun nan cokali. Ta ce, "Da dama."

"Ƙarya kike. Jefo da wanda kika ɓoye."

Ta jefa, ƙwallo ta tsallake katangar makaranta ta faɗa gonar mutane. Malama Zinaida ta cire sigari daga bakinta, ta daɗe tana kallonta.

An ɗauke mu mu biyu, don Hulkar ta ce ba ta shiga mota sai da ni. Na yi lokacin sanyi ɗaya ina kai wa ƙwallo duka ina samun iska. Ran nan malamar ta dafa kaina ta ce, "Barno, ke Allah ya yi ki da zuciya mai kyau. Koma gida." Na koma bakin tanderu, ban yi kuka ba. Ita kuwa ta ci gaba, kullum sawunta ja wur da ƙasar fili, Aya tana faɗan wanki.

Tana da shekara goma sha huɗu aka kira ta Tashkent, babban birni. Safiyar tafiyar, mota tana jira a ƙofar gida, Aya ta zaro gurasa mai zafi daga tanderu ta miƙa mata ta ce, "Gatsa. Da dama za ki karɓa, mara kunya."

Tursun-aka ya yi dariya, ya kira Aya da sunanta na yanka ya ce, "Haba Saodat-opa, ai wannan samari masu tafiya soja ake yi wa."

Aya ta ce, "To ita biki za ta? Yarinya za ta bar gida, za ta kwana cikin baƙi. Ta bar rabonta a nan, ya jawo ta."

Hulkar ta gatsa, baki cike tana dariya. Aya ta buga ƙusa ta rataye sauran. Daga ranar nan abin ya zama ƙa'ida: ba ta fita gari sai ta gatsa, ba ta dawowa ta kwana sai an sauko da ita, an jiƙa a shayi, ta cinye tas. Takan ƙwanƙwasa ta a kan tebur ta ce, "Barno, wannan gurasa ce ko gindin sandar buga tanis?" Nakan ce, "Laifin wa? Wa ya ce ki daɗe?"

Ta yi wasa a Indiya, ta yi a Masar, ta yi a Tailan da Turkiyya, da wuraren da ban iya faɗin sunansu ba. Matan unguwa sun ɗauka a kan gajimare take kwana. Ni ce na san gaskiya, don ni take gaya wa muna kwance a gadon tsakar gida, ƙarƙashin inabi. Ta ce, "Ƙawata, duk ƙasashen nan ban ga komai ba sai raga da ɗakin otal. A kwanon wanke hannu nake wanki. In na ci wasa babu wanda zan gaya wa, in an ci ni ma haka." Tafin hagunta ya yi kanta kamar na manomi, damtsen ya fi ɗan'uwansa kauri, har sai na riƙa buɗa mata hannun riga ɗaya in na yi mata ɗinki.

Shekarar da ta fi tashe, ta shiga cikin mata ɗari biyu na duniya, aka ba ta damar wasan share fage a babbar gasar Faris. Lokacin na yi aure. Ƙanin mijina Rabshan yana da shagon kwamfuta, sai muka ɗunguma da la'asar, mu mata cike da shago, har da Aya da garin alkama a gira. Babu hoto, lambobi ne kawai suke canzawa a allo. Aya ta riƙa tambaya, "Wa ke ci?" Yaron shago ya ce goma sha biyar da talatin. Ta ce, "Ba daga ɗaya ake farawa ba? Wane irin ƙidaya ne wannan na Turawa?" Hulkar ta ci ranar. Muka yi ta guɗa a kan lambobi, masu wucewa suna leƙowa. Bayan kwana biyu aka cire ta. Da ta dawo, sai da ta cinye gurasarta sannan ta ce, "Saura ƙiris, Barno. Ƙwallon ta taɓa raga, ta yi tunani, ta faɗo wajena."

Ba ta sake kaiwa nan ba. Kafaɗa ta fara ciwo, aka yi aiki, ta koma, ta sake ɓallewa. Kafin ta cika talatin ta ajiye wasa. In mata suka dame ta da maganar aure takan ce, "Ku kawo wanda zai iya mayar mini da bugun farko, gobe a ɗaura." Ta karɓi wurin Malama Zinaida tana koyar da yara a Fargana, ta tafi da safe ta dawo da yamma. Ni dai a rayuwata ban ji daɗin shekaru kamar waɗannan ba. Ƙusar nan ta zauna fayau. A cikinsu Aya ta rasu, mu biyu muka yi mata wanka, na gaji tanderu, na dawo gidanmu da mijina da 'ya'yana.

Sai aka sayar da filin da take koyarwa, aka gina ɗakin biki a wurin. Ta yi wata da watanni tana zaune tana ɓare mini albasa, tana motsa ƙafa. Da wani otal a Antaliya ta Turkiyya ya neme ta koyar da 'ya'yan baƙi, na san za ta. Ta ce, "Shekara biyu kawai."

Ni na gasa gurasar wannan karon, na zuba mata riɗi da yawa yadda take so. Ta karɓa da hagu don tsokana, na doke hannun, ta canza. Ta gatsa, na rataye.

Shekara biyu ta wuce, wata ta bi bayanta, wata ma ta bi. Mukan yi waya muna ganin juna. Kafin ta tambayi lafiyar babanta ma takan ce, "Nuna mini." In juya wayar ga bango. Ta ce, "Ɓera bai taɓa ba?" In ce, "Wane ɓera ne zai sayar da haƙoransa?"

Wata rana na gan ta da ɗankwali ɗaure tam har goshi, ita da ko ranar Idi sai an yi da ita. Na ce, "A'a, Hajiya, yaushe aka tuba?" Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Na ƙura mata ido, na ga babu gira. Nan ta gaya mini. Ciwon daji ne a mama, ta daɗe da sani, an yi aiki, ya dawo.

Na ce, "Gobe Rabshan zai nemo mini tikiti. Zan zo, zan kawo miki gurasarki."

Ta ɗaga murya, irin yadda take yi wa yara a fili. "Kar ki kuskura ki sauke ta! In kika kawo mini ita nan, me ya rage mini a can? Me zai kawo ni gida? Bar ta inda take. Ni zan zo."

Likitoci sun ce jikinta ba zai ɗauki tafiya ba. Duk lokacin sanyin nan, da safe in na tashi kunna tanderu sai na fara duba bango, in ce a raina, ja ta, ja ta mana. Ni da ban yi karatu mai nisa ba, na san gurasa ba ta da igiya. Amma abin da nake da shi ke nan.

Ta zo lokacin da itatuwa suka yi fure. Rabshan ya ɗauko ta daga Tashkent, ya ce duk hawan duwatsun hanya ba ta yi barci ba, goshinta a jikin gilashi. Da na rungume ta a ƙofar gida sai na ji kamar na rungumi kayan shanya. Tursun-aka, da ido ya riga ya yi masa rauni, ya riƙa shafa fuskarta yana kiran sunan uwarta.

Muka kwantar da ita a gadon tsakar gida. Na sauko da gurasar, na kawo shayi, na kama zan kakkarya a kwano kamar yadda muka saba. Ta riƙe hannuna. Ta ce, "Gefe ɗaya za ki jiƙa."

Na jiƙa har ya yi laushi. Ta karɓa da dama ba tare da an gaya mata ba, ta gatsa kusa da tsohon wurin, ta daɗe tana taunawa. Ta ce, "Ɗanɗanon bango." Muka yi dariya, ni hawaye yana shiga mini baki. Sai ta miƙo mini sauran ta ce, "Mayar."

Na ce, "Cinye mana. Ai kin dawo."

"Mayar, Barno. Da sauran tafiya."

Na ce, "Ba a yi wa wannan tafiyar, kin sani."

Ta ce, "Ni ma ai ba soja ba ce, Aya ta yi mini."

Na tashi na mayar. Tana kallona ta taga har na rataye, sannan ta lumshe ido.

Ba ta ga nunar inabi ba. Allah ya yi mata rahama, ya sa ta huta da ɗakunan baƙi.

Ranar sadakar arba'in, surukata ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, abinci ba ya zama a bango har abada, alhaki ne. Ki marmasa wa kurciyoyi, ladan ya je mata." Gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Na ce to. Har na ɗauko kujera na taka, na kai hannu. Yatsana ya sauka a kan ɗan tsirin nan na wushirya, sai na goge ƙurar kawai na sauko.

Jiya ma wata mota ta tsaya a ƙofar gida, ina tsakiyar liƙa ƙullu a tanderu. Kafin in tuna, na riga na ɗora butar shayi.