Mai Kebul, Wanda Ya Gina Mana Katanga

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Mai Kebul, mai haɗa wayoyin intanet, ya sauko daga tsani a wurin aiki, ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a kan kwalin wayoyi. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Mai Kebul, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Harshenka kaifi gare shi, kuma ba ka iya ba da haƙuri ba. Shekarun da muka yi a gidan hayar nan, mu baƙi da neman abinci ya jefo nesa da gida, mun fi yin faɗa da kai a kan yin hira. Amma abin da ka yi mana, sai butulu zai manta.

Mu muna sama, mai gidan yana ƙasa da shagonsa na kayan gyaran mota. Intanet ɗaya muke sha, a rauta ɗaya, wato na'urar da ke rarraba shi, kwamfutocinsa da wayoyinmu duk a cakuɗe. Ta nan kaɗai muke ganin fuskokin 'ya'yanmu. Ranar da matar ɗayanmu, Dogo direba, ta haihu a gida, aka turo masa hotuna, murna ta sa ya latsa inda bai sani ba. Sai ga firintar shago tana aman hotunan jariri a kan takardun rasit, a gaban masu sayayya.

Mu dariya muka yi, mai gidan bai yi ba. Ya ce wanda ya iya shiga firintarsa zai iya shiga kwamfutarsa. Ya hau sama ya zare kebul ɗinmu, ya ce kowa ya yi ta kansa. Na ji haushinsa, har yau ma da sauran abin a raina, domin da kallon ɓarayi ya bi mu. Amma tsakani da Allah, a batun firinta yana da gaskiya.

Dogo ya ce zai sauka ya roƙe shi. Ka ce, "Zauna, uban jariri. Yatsanka ya yi ɓarnar da ta isa, kada bakinka ya ƙara."

Kai ka sauka. Ba roƙo ka je yi ba, takarda ka ɗauka ka zana masa gida. Ka ce laifin ba na Dogo ba ne, laifin gidan da ba shi da katanga ne. Za ka raba intanet ɗin sassa uku, kowane sashe da tasa lambar adireshi: na'urorin shago a goma, wayoyinmu a ashirin, baƙi masu zuwa su tafi a talatin. Rauta ta zama zaure, kowa ta nan zai bi ya fita waje, amma ka kafa mata doka kada ta bar na sama ya leƙa ƙasa. Ka kuma yanka wa kowane sashe rabonsa na intanet, don kada masu kallon ƙwallo su shanye na masu kiran gida.

Ranar hutunka ka ba wa wannan aiki, bayan mako guda kana rarrafe cikin silin ɗin mutane. Da ka gama, ka miƙa wa Dogo wayarsa a gaban mai gidan.

"Nemo firintar. In ka same ta, ni zan zare kebul ɗin da hannuna."

Dogo ya yi ta lalube, gumi yana keto masa, bai ga komai ba. Mai gidan ya juya ya koma shago, ko sannu bai ce maka ba. Tun daga ranar ba a sake yanke mu ba.

Kamfanin da ka ƙarar da ƙarfinka a kansa, kafin a yi maka wanka sun sa wani a kan tsaninka. Haka baƙo yake, ana morarsa, ba a kukansa. Mai gidan kuwa, wanda na daɗe ina zagi a zuci, ya rufe shagonsa ya biyo mu har maƙabarta. Dole na faɗa, tunda na faɗi ɗayan.

Da yake ni ne babba a gidan, a kaina aka ɗora sanar da iyalinka. Na zauna a bakin gadonka na yi kiran bidiyo da wayarka. Maiɗakinka ta ɗauka da fara'a, autarku tana leƙowa ta bayanta.

Maiɗakin taka ta ce, "Baba, ina wuni? Ina mutumin naka, ya sake ba ka waya ya gudu ko?"

A da, kafin ka gyara, hoto yakan daskare, murya ta yi ta sarƙewa. Ranar nan na yi fatan ya yanke, ko na sami abin fakewa. Bai yanke ba. Na ga fuskarta tar lokacin da ta gane, na ji salatinta har ƙarshe. Aikinka mai kyau ne, Mai Kebul.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ƙasar baƙunta ta yi maka sauƙi, ya haskaka kabarinka. Duk zumuncin da aka sada ta hanyar da ka buɗe, Allah ya kai ladan mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka da maiɗakinka da 'ya'yanka da ba su sami ɗaukar makararka ba. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Mu da muka rage a nan, Allah ya mai da mu gida da ƙafafunmu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.