Yaɓen Katangarmu

Mahaifina bai taɓa bari damina ta riski katangarmu babu sabon yaɓe ba. Gidan ƙasa ne a Limancin Kona, shi kuwa malami ne mai kafiya, ya fi tsoron ruwan sama a kan kowace gwamnati. A shekarar da nake faɗa, zaɓe ya faɗo gab da damina. 'Yan jam'iyya mai mulki suka zo, ko sallama babu, suka zana mana fuskar ɗan takararsu da fenti, ƙatuwa, har ta fi ƙofar zaure. Ko kallo ba ta ishi Baba ba. Da lokaci ya yi ya kira magini, aka kwaɓa ƙasa, aka shafe katangar har da fuskar.

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ana jan ƙarfe a ƙasa. Na leƙa ta zaure. Samari ne, idanu jawur, da adduna da gorori. Motar 'yan sandan da ta sauke su tana bakin lungu. Ga Baba tsaye a gabansu.

Babbansu ya ce, "Tsoho, ashe kai ɗan adawa ne?"

Baba ya ce, "Yaɓe na yi, yaro. Ruwa na tafe."

Aka ɗora masa adda a kafaɗa. Sai ga wani ɗan sanda ya tako, har na yi hamdala a zuci, don wautata. Ya ce, "Malam, ka fito musu da mutuminsu mana, mu ma mu tafi gida."

Baba ya naɗe hannun riga. Mutumin da rabin unguwa suka yi karatu a gabansa ya shiga kankare ɗanyar ƙasa da farce. Suna dariya: "Ga ido ɗaya, saura ɗaya!" Ni dai addar nake kallo. Sai da fuskar ta fito duka suka tafi, motar na biye da su.

Shekarar nan babu wanda ya ƙara yaɓe a lungunmu. Mutuminsu ya ci zaɓe, katangarmu kuma ta zube da ruwan Agusta. Har yau langa-langa ne a wurin. Duk sanda na ce, "Baba, a tayar da ita mana," sai ya waiga ƙofa, ya rage murya, ya tambaye ni saura wata nawa zaɓe.