Agwagwar Goggo a Ajin Bayoloji

Shekarar da na fita koyon aikin koyarwa, wata makarantar 'yan mata kusa da Ƙofar Jatau aka tura ni. Malamin da ke zuwa daga kwalejinmu ta unguwar Kongo yana duba mu ya riga ya zo sau ɗaya, ya zauna a bayan aji ina karanto littafi, yara suna ta hamma. Da zai tafi ya ce, "Malama, wannan shifta ce, ba koyarwa ba. Sau ɗaya zan dawo. In ban ga canji ba, sai kin maimaita shekara." Ranar ko tuwo na kasa ci.

Darasin da zai tarar shi ne yadda jikin kowace dabba ya dace da wurin zamanta, da sunayen da masana kimiyya ke ba dabbobi. Na ce wannan karon abu mai rai zan kai. Kwana biyu ina fakon wata tsaka a zaurenmu kafin na kife ta da kwalba, na huda murfin, na ajiye a taga. So nake yara su ga yatsun da take manne wa bango da su.

Na manta da Goggo, yayar mahaifina da ta rene ni. Da safen ranar da malam zai dawo, ina fitowa daga wanka na same ta da takalmi a hannu, fuska fal murna.

"Wata ja'ira ce ta shige miki kwalba," in ji ta. "Bugu ɗaya na yi mata, na samu ladana."

Na zauna daɓas na fashe da kuka. Da ta ji bayani sai ta ce, "Ba dai dabba ake so ba? Ga agwagwata nan." Sai dai Goggo ba ta yarda da kowa a kan agwagwar nan. Ta yafa mayafi, ta rungume abarta, ta biyo ni har aji, aka ba ta kujera a gaba.

Farko ya tafi daidai. Na buɗe ƙafar agwagwa suka ga fatar da ta haɗe yatsun don iyo. Na zuba mata ruwan buta a baya, ya gangare bai jiƙa gashin ba. Yara har da hawa benci. Amma da na rubuta sunanta na kimiyya, Cairina moschata, a allo, ido ya raina fata. Na soma jero bayanin littafi, ina jin muryata tana komawa shifta. Malam ya zaro bironsa.

Ita kuwa Goggo zama ya ishe ta. Ta tsuke yarinyar da ke kusa da ita da tambaya, da ƙarfi kamar a tsakar gidanmu.

"Ke 'yar wane gida ce?"

"Gidan maƙera, Hajiya."

"Ayyo, na san kakarki. To yaya sunanki?"

A cikin birni haka manya suke yi, gida suke fara tambaya, sunan mutum ya biyo baya. Na ajiye littafin. Na ce, "Kun ji Hajiya? Masana ma haka suke. Kalmar farko gida ce, shi ya sa ake fara ta da babban baƙi. Ta biyu sunan mai ita." Na rubuta Panthera leo da Panthera pardus, zaki da damisa ke nan, na tambaya me suka gani.

"'Yan gida ɗaya ne!" Aji ya ɗauka baki ɗaya. Daɗin da na ji a lokacin har yau ban manta shi ba.

Da aka tashi malam ya durƙusa ya gaida Goggo. Kafin ya miƙe ta ce, "Kai kuma ɗan wane gida ne?" Ya yi dariya, ya faɗi gidansu a Tudun Jukun, sannan sunansa. Ya juyo gare ni ya ce, "Kin haye, Malama. Amma rabin makin na Hajiya ne."

Goggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Duk shekara in na zo wannan darasi ba na fara taɓa allo. Yarinyar da ke gaba nake kalla in ce, "Ke 'yar wane gida ce?" Kuma da muryar Goggo tambayar take fita.