Kanwar da Na Jiƙa wa Shahina

Ranar wata Alhamis bayan Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, na raɓe a bayan shingen garke ina kallon likita yana zuƙar jini daga wuyan Shahina. Shahina raƙumar tsere ce ta wani attajiri Balarabe, Baba kuma shi ke horar da ita a kan hanyar Ɗa'if. Kullum da sassafe zai kora ta gudu, ya auna mata sha'ir da dabino da madara, ba ƙari ba ragi. Ranar Alhamis yakan taho da ni daga unguwarmu Misfala, a nan ƙasa mai tsarki, in cika mata kwatarniyar ruwa.

Ni na yi ɓarnar. Na sha jin kakata tana cewa a Kano ba abin da ke ƙarfafa dabba kamar kanwa. Yadda Shahina ke dawowa tana haki ya ba ni tausayi, sai na sato kanwa a madafin Umma, na jiƙa mata a ruwa kafin gudun ranar. Wai ni mai dabara.

Da likita ya sa jinin a na'ura sai ya murtuke fuska. Ya ce dabbar da ta yi irin wannan gudu dole tsamin gajiya ya taru a jininta, nata kuwa kamar ba ta motsa ba, lallai an ba ta abin da aka hana a tsere. Maigidan ya juyo kan Baba, wa ya taɓa ruwanta? Baba ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Duk ƙuruciyata na san waya ɗaya ta isa a tasa ƙeyarsa a mayar da shi Najeriya, mu rasa uba. Wallahi na so in faɗa, amma sai na ƙara maƙalewa a jikin shingen.

Baba ya dubi faratana, duk farin kanwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na ba ta, ya Shaikh. Al'adarmu ce."

Ba a kira hukuma ba, amma a take aka sallame shi. A hanya abu ɗaya ya ce mini: "Ki wanke hannu kafin mu shiga gida." Ya koma dakon kayan alhazai a Mina, har ya rasu bai ƙara riƙe akalar raƙumi ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Aziziyya, 'ya'yana na kallon tseren raƙuma a waya suna shewa, ni kuwa duk sanda zan jefa kanwa a miyar kuɓewa sai in dubi faratana. Ban taɓa ce wa Baba ni ce ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.