Baba Ƙas, Wanda Ya Kwanta a Kujerar Baya

Ƙarfe bakwai na safe yake ɗaga ƙofar garejinsa. Kafin ya taɓa kowace mota sai ya share gaban wurin, ya jera sifanoni a kan tsohon buhu daga ƙarami zuwa babba, ya saƙala guntun alli a bayan kunne. Sannan ya zauna a kan tayar da ya mayar kujera, yana shan shayi yana kallon titi. Akwai tudun rage gudu daidai ƙofarsa, kuma duk motar da ta hau tudun nan ta sauka, ya riga ya san ciwonta.

"Waccan, ƙafar bayanta ta mutu," zai ce, ko kofin bai ajiye ba.

Shekara talatin da takwas ke nan yana gyaran ƙafar mota. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Shi ya sa na ga gara in yi wannan rubutu tun yana iya karantawa ya yi mini dariya.

Baba Ƙas muke ce masa, kuma sunan ya samo asali ne daga aikinsa. Sifirin, wato ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, shi ke ɗauke da mota, shokazoba kuwa shi ke hana sifirin rawa bayan an faɗa rami. Akwai irin shokazoban da ke da ɗan maɓalli a kai: ka murɗa gefe guda ya yi tauri, ka murɗa ɗaya gefen ya saki, kuma kowane murɗi sai ya ce ƙas. A wannan ƙarar Baba ya ƙware. Wani direban motar asibiti ya gaya mini cewa kafin Baba ya taɓa motarsa, ma'aikaciyar jinya ba ta iya sa wa majinyaci ruwa sai an tsaya. Wata mai kiwon kaji ta ce tun ranar da ya gyara mata tata, ta daina wanke fasassun ƙwai a bayan motar. Ni kuwa nawa labarin ya fi nasu kunya.

Yayana ya sayi mota ta hannu a wurin wani mai son gudu, da irin wannan shokazoba a jikinta. Ni da ban iya zama wuri ɗaya ba, na kalli bidiyo biyu a waya, na ji an ce motocin tsere tauri gare su, sai na ɗauki kaina gwani. Na murɗe na gaba. Na murɗe na baya na dama har ya tsaya. Ina cikin na hagu aka kira ni a waya, da na dawo na manta inda na kwana a ƙirga. Bayan kwana biyu aka yi yayyafi, na shiga shataletale da ƙanwata a mota, bayan motar ya zame ya juya da mu muna kallon inda muka fito. Allah Ya tsare. Yaya ya karɓe makulli.

Ana haka aka yi wa Ummanmu aiki a ƙashin baya. Likita ya ce ranar Laraba za a sallame ta, amma a kwance za ta koma gida, kuma kada a bari mota ta jijjiga ta. Hanyar gidanmu kuwa rabinta gargada ce. Yaya yana wurin aiki a nesa, an hana shi hutu. Ya kira ni.

"Ka ɗauki makulli a ɗakina ka kai motar wurin Baba Ƙas. In bai ce ta yi ba, daga kai har motar babu mai ɗaukar Umma."

Ranar Litinin na kai ta. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya sa hannu ya ƙirga, ya zagaya ɗaya gefen ya ƙirga.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"A ina ka koya?"

"A waya."

"To wayar ce za ta kwanta a baya ranar Laraba?" Ya goge hannu a tsumma. "Dama a ɗaure tam, hagu saura ƙas tara. Ka ba mota ƙafa ɗaya ta soja, ɗaya ta mai barci, sannan ka ce ta sha maka kwana. Sarkin gaggawa!"

Faɗan ya tsaya nan. Sai tambayoyi: wa za a ɗauka, yaya jikinta yake, ta ina kanta zai kasance, wace hanya za a bi. Ya fara auna iskar tayoyi. Ya ɗaure shokazoba huɗun har ƙarshe, ya dawo da kowanne baya yana ƙirgawa a fili har tsakiya, ya rubuta lambar da alli a jikin bango. Daga nan ya yi abin da ban taɓa ganin bakanike ya yi ba. Ya ɗauko matashi, ya cire takalmi, ya miƙe a kujerar baya ya rufe ido.

"Ja mu je. In ka ji na yi shiru, an gama."

Hanya ɗaya muka riƙa bi: tudun ƙofarsa, gargadar bayan kasuwa, shataletale, birki a gindin falwaya, mu dawo. Kowane zagaye sai ya sauko ya canza ƙas biyu kacal, ko a gaba ko a baya, hagu da dama daidai wa daida, ya goge lamba ya rubuta sabuwa. A zagaye na huɗu haƙurina ya ƙare.

"Baba, mu sake su gaba ɗaya mana, ai laushi ake nema."

"To, Injiniya. Sake su."

Na sake su. Muna sauka daga tudu motar ta yi lilo sau uku kamar kwalekwale, a shataletale kuma ta kwanta gefe har Baba ya dafe kujera.

"Ka ji ko? In ya yi tauri da yawa, taya na tsalle ta bar ƙasa. In ya saki da yawa, mota ta yi ta lilo. Ummarka ba ta son ko ɗaya. Mayar da su inda alli ya ce."

A zagaye na goma sha ɗaya muka wuce gargadar nan ban ji komai daga baya ba. Muka shiga shataletale, motar ta bi sitiyari kamar an ja ta da zare. Shiru. Da muka tsaya, sai da na kama shi kafin ya iya miƙewa, hannunsa ɗaya a ƙugu. A lokacin na gane cewa duk jijjigar da Umma za ta sha, shi ya shanye ta da nasa tsohon bayan.

"Mota ta yi," ya ce. "Saura ƙafarka ta dama, ka sassauta mata a kan totur. Kira yayanka in gaya masa."

Ranar Laraba muka kwantar da Umma a daidai inda ya kwanta. Ƙanwata tana gaba ta juya tana riƙe da hannunta. Ni gumi har cikin idona. Da muka shiga gargada na kasa kunne in ji ko za ta yi nishi, ban ji ba. Na tsaya a ƙofar gida na kashe mota, sai ta buɗe ido.

"Har mun iso?" ta ce. "Ashe barci na yi."

Na kifa kaina a kan sitiyari, na daɗe ban ɗago ba.

Baba, kai ne ka kwanta a wurin uwar wani, wadda ko fuskarta ba ka sani ba. Kai ne ka bar ni na yi kuskurena a gabanka, inda ba zai cutar da kowa ba sai bayanka. Mai alli a kunne, mai ji da ƙashin baya, na gode. Umma ta gode, ta fara takawa da sanda, kuma ta ce lallai in kawo ka ta gan ka. A gaba za ka zauna wannan karon.

Ku kuma 'yan'uwana masu sifana a hannu, da irina masu waya a hannu, kafin watan nan ya ƙare ku je ku ga bangon nan tun ba a shafe shi da fenti ba. Ku tambayi wa za a ɗauka kafin ku murɗa komai. Ku canza abu ɗaya, ku rubuta, ku gwada. In kuma kun ce aiki ya yi, to ku cire takalmi ku kwanta a kujerar baya tukuna.